Taƙi Ɗaya Daga Ƙasa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naki? Ɗinkin ya daina ja? Ya Mama da ciwon gwiwarta? Mu nan lafiya, sai kewarki. Antinki na gaishe ki, yara ma kullum sai sun tambaye ni yaushe za ki zo.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni. Na kira wayarki har na gaji da jin muryar matar nan mai cewa a kashe take. Mama ta ce kin cusa ta ƙasan akwati, ba kya son jin kowa. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na yago takarda daga littafin da nake rubuta lambobin kayan gyara. In kin ga tabon yatsa a gefe kin san aikin wane ne, ba banza kika laƙa mini Baƙin Mai ba tun kina 'yar mitsitsiya.

Yau kwana ashirin da uku da rasuwar jaririnki. Ba ki gan shi ba, lokacin allurar barci ba ta sake ki ba. Mama ta ce kin tambaye ta da wa ya yi kama, kuka ya hana ta amsawa. Ni na riƙe shi, bari in gaya miki. Goshin marigayi Baba ne da shi sak, mai faɗin nan. Yatsunsa dogaye irin na ubansa. Gashi cike da kai, a kwance luf. Ni da nake ɗaga kan injin ni kaɗai ko nishi ban yi ba, da aka miƙo mini shi sai da na nemi bango na jingina. Allah ya ba ki haƙuri, ya mayar miki da alheri.

Maganar mijinki ce ta zaunar da ni rubutu. Kin san Zomo abokina ne tun muna aji uku, kafin a haife ki, kuma ni na sa masa sunan saboda ba wanda ke kamo shi a filin makaranta. Na san shi ciki da waje, amma ban taɓa ganinsa haka ba. Kullum in ya rufe shagon buga takardunsa da yamma, nan gareji yake zuwa. Ya zauna a bencin da ke kusa da injin iska, ya zuba wa jar motar nan ido, ga ta can a lulluɓe da tamfol. Ba ya cewa a gyara, ba ya cewa a sayar. In na miƙa masa ruwa ya karɓa ya riƙe har ya yi ɗumi. Ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa.

Mama ta gaya mini kin ce kada ya sake taka gidanta. Kin ce ya fi son mota a kanki, kin ce burga ce ta sa ya afka cikin ruwa da ke kina zubar da jini. Auta, ke kina kwance a kujera ido rufe, ba ki ga komai ba. Bari in ba ki abin da na sani.

Ranar ruwan sama ya fara tun hantsi. Da jini ya ɓalle miki bayan azahar, hanya biyu ce gabansa: ta sama, wadda motoci suka cunkushe ba motsi, da ta gangaren ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wadda ta fi kusa da asibiti. Ya tsaya a bakin gangaren ya duba. A gabansa wata 'yar ƙaramar mota ta ratsa ruwan ta haye, wata tasi ta bi bayanta ita ma ta haye. Ruwan bai wuce rabin taya ba. Sai ya shiga a hankali, da giya ta ɗaya, yadda duk mai hankali zai yi. Yana kaiwa tsakiya injin ya tsaya cak. Ya murɗa makulli, shiru. Ya fito ya ɗauke ki a hannu, ya haura gangaren nan da ke cikin ruwan sama, yana tsayar da motoci suna wucewa, har wani mai a-kori-kura ɗauke da tayil ya tausaya. Daga mutuwar motar zuwa ƙofar asibiti, minti arba'in da wani abu. Takalminsa ƙafa ɗaya yana can cikin ruwa, haka na same shi a barandar asibiti.

Ban ce ki yafe komai yau ba. Roƙona kawai kada ki yanke hukunci cikin zafin ciwo.

Akwai wata magana game da motar nan da nake son yi miki. Na fara rubuta ta sau biyu ina sokewa, za ki ga wurin. Sai wani jiƙon.

Ki gaida Mama. Ki riƙa cin abinci ko ba kya so.

Yayanki,
Baƙin Mai

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, jiki kuma yana ƙara ƙwari. Ya Mama? Antinki ta dawo jiya ta ce kin fara fitowa tsakar gida, na ji daɗin wannan.

Ta kuma ce kin karanta takardata, kin ninke, kin ce dama abokinsa ne, me zai faɗa in ba haka ba. Ta ce kin sa Mama ta kira kawu a kan maganar rabuwa. Tun da na ji haka na kasa ɗaure ko noti ɗaya daidai. Yau ban buɗe gareji ba. Na kulle kaina a ɗan ofishina, ba zan tashi ba sai na gama wannan takarda.

Ki yi haƙuri, sai na yi miki ɗan karatun mota, don in ban yi ba ba za ki gane girman abin da na aikata ba.

Injin mota numfashi yake kamar mutum. Yana shaƙar iska, ya haɗa da fetur, ya ƙona. Masu ƙera mota sukan sa masa wani baƙin akwatin roba a ƙarƙashin bonet, da matatar iska a ciki, bakinsa a can sama kusa da fitila. Akwatin yana tare ƙura, yana kashe ƙara, kuma yana nesa da ruwa. Aibinsa ɗaya, yana ɗan shaƙe injin. Shi ya sa masu son gudu sukan cire shi su sa bututun ƙarfe mai faɗi, da matata mai siffar mazurari a bakinsa. Bututun iri biyu ne. Akwai gajere, wanda yake zama nan cikin bonet, sai dai iskar da yake sha mai zafi ce saboda yana jikin injin. Akwai dogo, wanda yake lanƙwasawa ya gangara bayan bamba, gaban tayar hagu, ya ɗebo iska mai sanyi. Injin ya fi son mai sanyi, ya fi ja da ita. Amma bakin dogon nan, a motar Zomo, taƙi ɗaya ne daga ƙasa. Da hannuna na auna.

Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In injin ya zuƙi ko rabin kofi, fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, ya taso ya tarar da shi, sai ya tsaya kamar ya daki bango. Abin da ya faru a ƙarƙashin gada ke nan. Ƙaramar motar ta haye, tasi ta haye, saboda hancinsu a sama yake. Taku ta mutu saboda an sauko mata da hanci ƙasa.

Yanzu ki ji wanda ya sauko da shi.

Kin tuna da cikinki ya kai wata biyar kika ce mota mai ƙofa biyu ba ta mai iyali ba ce, a sayar a sayi wadda za a sa kujerar jariri? Ke ba ki sani ba, washegari ya zo ya ce mini ya yarda. Ya ce in fara neman mai saye, da kin haihu a miƙa makulli. Ni ne na ce haba, shekara huɗu kana riƙe da motar nan ba mu taɓa jin muryarta ta gaskiya ba, kafin ta bar hannunmu bari mu buɗe mata maƙogwaro ko sau ɗaya. Ya ce a bar shi kawai. Na dame shi kwana uku. Kin san halina a kan motar nan, ni nake mata komai tun ranar da aka kawo ta, har kina tsokanata wai Zomo ya saya, Yaya ya aura.

Mun zauna a nan ofis, a kan teburin da nake rubutu yanzu, muna duba hotuna a waya. Na yi ƙwaƙƙwafi iya ƙwaƙƙwafi. Na auna faɗin bakin injin don kada a kawo wanda bai hau ba. Na tabbatar akwai gurbin da sensa, 'yar na'urar da ke auna iska, za ta zauna daram. Na ƙi matatar da ake shafa wa mai, na ce man yana ɓata sensa, na zaɓi busasshiya. Har launin robar da ke haɗa gaɓoɓi sai da na zaɓa. Zomo ya ɗora yatsa a kan gajeren ya ce, "Wannan ya ishe ni, wata nawa ya rage mini da ita?" Na yi masa dariya. Na ce gajere na yara masu son hayaniya ne, in za mu yi mu yi na gaske.

Sai ya tambaye ni, kuma wallahi har yanzu ina jin muryarsa: "To damina fa? Ba zai sha ruwa ba?"

Na ce akwai wani zobe na soso da ake sawa a tsakiyar bututun, can sama. In bakin ƙasa ya nutse, sai zoben ya buɗe, injin ya sha iska ta nan maimakon ya zuƙo ruwa. Na ce zan haɗo da shi, kada ya damu. Ya ce, "In kai ka ce, shi ke nan."

Na haɗo da shi, Auta. Ya zo cikin kwali ɗaya da bututun.

Ranar da na ɗaura, Zomo ya ajiye mini motar ya ɗauki ta shago ya kai ki awo. Na cire kan batir, na sassauta kilif, na zare wayar sensa a hankali, na ciro baƙin akwatin na ɗora a saman kantar gareji. Na ɗaga motar a jak, na cire taya da robar da ke rufe samanta, na zura bututun ta kafar da ke bayan fitila. Ya shige sumul kamar a jikinta aka haife shi. Yana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Sai na ɗauko zoben na karanta takardarsa: sai an yanke bututun biyu da zarto sannan a sa shi a tsakani. Na riƙe zarto, na dubi ƙarfen nan, na ji ba zan iya ba. Na ce bari mu ji ƙararsa a cikakke tukuna, mu ɗauki hoto, sati mai zuwa in ya kawo ta juyen mai sai in yanka. Na jefa zoben a durowa ta biyu.

Kuka dawo daga awo tare. Kin tuna? Na ba ta wuta, na taka totur, gareji ya ɗauka. Kika toshe kunnuwa kina dariya, kika ce kun razana mini ɗa, ga shi yana harbi. Zomo ya leƙa cikin bonet, shi bai san yadda zoben yake ba balle ya nema. Ya ce komai ya kammala? Na ce komai.

Sati ya zo ya wuce. Ya kawo ta juyen mai, ranar motoci sun yi mini yawa, na juye na sallame shi. Na tuna sau biyu bayan nan, sau ɗaya ma ina tsaye a ƙofar gidanku, na ce gobe. Damina ta sauka ban ce masa uffan ba. Da ya tsaya a bakin gangaren nan yana auna ruwa da ido, da maganata ya auna. Ya shiga ne yana ganin akwai zobe.

Ya sani tun washegarin abin. Da muka jawo motar muka ɗaga ta, matatar tana ɗigar ruwan laka, ya bi bututun da hannu daga ƙasa har sama. Ba gaɓa, ba zobe. Ya dube ni. Na buɗe baki, ya ce, "Kada ka gaya mata. Ta rasa ɗa, ba za ta rasa yaya ba." Ni kuma na karɓa, saboda tsoro, ba don komai ba. Wata guda ke nan ina kallonsa yana ɗauke da kayana, kina zaginsa yana sunkuyar da kai.

Ga gaskiyar nan na ajiye a gabanki. Mijinki ya yarda ya rabu da motar saboda ke. Ya zaɓi gajere, ya yi tambayar da ta dace, ya tuƙa yadda ya dace. Laifinsa ɗaya, ya yarda da ni.

Ban roƙi gafara a wannan takarda ba, ban kai nan ba tukuna. Ki dai dakatar da kawu.

Yayanki

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi, kuma kina samun barci. Ya Mama ta isa gida ranar nan? Na so in kai ta, ta ce a'a, za ta hau ta haya.

Kwana goma sha ɗaya ba amsa. Ba ƙorafi nake ba, ina dai ba ki labarin abin da ya biyo baya ne, don kada ki ji a bakin wani.

Mama ta zo gareji ranar Talata. Tun da na buɗe wurin nan shekara goma sha tara, sau biyu ta taɓa shigowa. Na ɗauka za ta yi faɗa, har na shirya. Ba ta yi ba. Ta ƙi zama, ta ce in nuna mata abin. Na jawo durowa na miƙa mata, yana nan cikin ledarsa ko ɓarewa ban yi ba. Ta jujjuya shi a hannu, ta matsa sosan da yatsa. Ta ce minti nawa ake sa wannan? Na ce kamar ashirin. Ta ce, "Ashirin." Ta ajiye a kan tebur a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ta ce tun ranar da Babanku ya rasu kai na ɗora wa yarinyar nan, ban taɓa kwana da fargaba a kanta ba saboda kana nan. Ruwan da na kawo mata yana nan ba ta taɓa ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Zomo kuwa da ya ji na rubuta miki, ya zo ya ci kwalata a gaban masu mota. Rabon da ya ɗaga mini hannu tun muna 'yan makaranta, a kan ƙwallo. Yana girgiza ni yana cewa wa ya aike ka, wa ya aike ka. Ban kare kaina ba. Can sai hannunsa ya saki, ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kukan da bai yi a asibiti ba. Na sallami mutane na ja ƙofa. Da ya natsu ya ce, "Kada ka ɗauka don kai na rufa. Duk ranar da na zo nan na zauna, so nake in ga ko zan iya kallonka ban ji zafi ba. Har yau ban iya ba." Na ce na sani. Tun ranar bai dawo ba, bencin yana nan ba kowa.

Akwai kuma abin da na yi wanda nake jin kunyarsa. Na je asibiti na nemi likitar da ta yi miki aiki, dattijuwar nan mai furfura a gaban goshi. Na jira ta awa uku. Na tambaye ta, da an kawo ki minti arba'in kafin lokacin, da yaron ya rayu? Gaskiya abin da na je nema shi ne ta ce a'a, dama ya riga ya tafi, in samu abin jingina. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce mabiyiya ce ta rabu da jikin mahaifa, irin wannan kowane minti yana da nauyi, amma ba wanda zai iya rantsuwa. Ta ce ba za ta ce da ya rayu ba, ba kuma za ta ce da bai rayu ba. Ta ƙara da cewa in gode Allah da ke kika tsira, don saura ƙiris. Na fito da abin da na shiga da shi. Na faɗa miki yadda ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba, don kina da haƙƙin sani. Na san kowa ba ya wuce lokacinsa, kawu ma ya yi ta nanata mini. Na yarda da haka. Amma zoben ni aka bar wa, ni na jefa a durowa.

Na buɗe injin. Sandar fistin ta uku ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Na canza ta, na wanke ko'ina, na mayar da komai. Bututun na kwance shi, na sa a makama na matse shi har ya baje, don kada wani ya tsinta a bola ya ɗaura. Na sauko da baƙin akwatin daga saman kantar, ƙura ta rufe shi, na goge na mayar masa da gurbinsa. Da na ba ta wuta, sai ga ta tana gunaguni a hankali kamar da. Shekara huɗu motar nan tana tafiya lafiya da wannan muryar, ni ne kunnena bai ƙoshi ba.

Antinki ta ce ranar da ta je kin rungume ta, kin tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ba ki ambaci sunana ba. Na gode da ba ki haɗa da su ba. Ƙaramar ta zana miki gida da bishiya, na sa a cikin ambulan.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Ina fatan kin wayi gari lafiya.

Saƙonki ya iso. Mama ta kira ni ta karanta mini yadda kika faɗa, abu uku. Za ki koma ɗakinki ranar Asabar. Ba kya son ganina yanzu, ba ki san ranar da za ki so ba. Kuma ba za ki shiga duk motar da hannuna ya taɓa ba.

Na farkon ya sa na zauna a ƙasan gareji ina godiya ga Allah har wani mai mota ya ɗauka jiri ne ya ɗebe ni. Mama ta ce Zomo ya zo shekaranjiya, kun daɗe a ɗaki, da ya fito ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ki riƙe shi, Auta. Na ba ki shi ina cewa na san shi, ashe ban san rabinsa ba.

Na biyun na karɓa. Ba zan aiko kowa ya ba ki baki ba, ba zan tsaya a layinku ba, ba kuma zan sake rubutowa bayan wannan ba sai in ke kika nema. Ki ɗauki lokacin da kike so. In ya zama shekara, shekara ce. In ya fi haka ma, ni na jawo.

Na ukun ne ya ba mu aiki. Zomo ya turo mini saƙo, na farko tun ranar kwala, wai wace mota ce a dangi ban taɓa ba? Na zauna ina tunani. Ta shagonsa, ni na sauke mata giya bara. Ta kawu, ni nake mata birki. Ta mijin Anti Babba, ta maƙwabcin Mama, ta abokin aikin Zomo mai gemu, har motar makarantar da ke ɗaukar yaran layinku, duk sun kwana a garejina. Shekara goma sha tara ina alfahari ba mai motsi a gidanmu sai da sa hannuna. Ban taɓa zaton ranar da hakan zai sa a rasa abin da za a ɗauko ƙanwata ba.

Na ƙetara can ɗaya gefen gari inda ba a san ni ba, na samo wani dattijo mai farar mota ƙofa huɗu. Shekara talatin yana tuƙi, kuma bakanikensa daban. Na ce ya ba ta wuta. Na zagaya ta sau biyu hannuwana a baya, ina saurare. Injin lafiya, tayoyi da sauran rai, na sa ya taka birki na ga fitilu sun kama. Ya ce in buɗe bonet mana in duba, ai ya ga alamar aikina ne. Na ce a'a, wadda za ka ɗauka ta hana. Wallahi ko marfin ƙofa ban taɓa ba. Zai zo ƙarfe goma na safe. Na roƙe shi in hadari ya haɗu ya jira, ba sauri ake ba.

Jar motar ta tafi jiya. Wanda ya saya na gaya masa duk abin da ya same ta da dalilinsa, kafin ya karɓi makulli. Ba za ki tarar da ita a ƙofar gida ba.

Ki zauna a baya, ɓangaren dama, dattijon ya ce kujerar can ta fi laushi. Ki sa ɗan ƙaramin filo tsakanin bel da wurin ɗinkin, kada ya goge ki. In kin ji jiri ki ce ya tsaya, mutumin kirki ne, ba zai ƙosa ba.

Ranar Asabar zan buɗe gareji kamar kullum. Na roƙi Zomo in kun isa ya kira wayata ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe, ba sai ya yi magana ba. In wannan ma ba kya so, ki hana shi. Zan gane.

Allah ya kai ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Yayanki har kullum,
Baƙin Mai